Farar shinkafa da gasasshen sukumbiya irin na Japan: za ta riƙe gida?

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na sa hoton abincin darenmu ranar Talata ake ta bina da tambaya ta bayan fage, wannan ta ce ina miyar, waccan ta ce ko sushi ne. Na ga gara in yi bayani a nan kowa ya ji.

Shekararmu uku ke nan a Sendai, can arewa maso gabashin Japan, maigida yana karatu. Kuɗin tallafin karatu ba ya ɗaukar nama kullum, naman halal kuma sai an yi takakkiya ko an yi odar daskararre. Kifi ne ya rufa mana asiri. Sushi, shinkafar nan da ɗanyen kifi da kuke gani a hotunan waya, ba shi ne abincin kullum na gidajensu ba. Abin da mai ƙaramin ƙarfi yake ci shi ne farar shinkafa, yankan kifi da aka gasa da gishiri, ɗan romo a kofi, da ɗan kayan lambu mai tsami a gefe. Daga cikin kifayen da suka fi sauƙin kuɗi akwai wanda suke kira saba. Ranar da na fara ganinsa a kanti na tsaya ina kallon zanen bayansa, sai na ce wallahi wannan sukumbiya ne, titus ɗinmu na Kano. Da maigida ya karanta takardar jikinsa sai ga shi daga Norway aka kawo shi.

Wata tsohuwa da ke zaune a ƙasan benenmu ce ta koya mini, ta haura saba'in. Sunan girkin saba shioyaki, wato sukumbiyan da aka gasa da gishiri. Za ki tsaga kifin gida biyu ta tsawo, ki cire kayan ciki da ƙashin tsakiya, ki wanke baƙin jinin nan da yake kwance a gefen ƙashi, shi ne uban ƙarni. Ki tsane shi da tsumma mai tsabta. Sai ki barbaɗa gishiri ciki da baya, kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya ga kifi matsakaici guda, ki ajiye minti 20. Za ki ga ruwa ya tsattsafo a jikinsa kamar zufa. Ki goge wannan ruwan tas, da shi ƙarnin yake fita. Ki ɗan tsaga fatar da wuƙa sau biyu, ki gasa. Ba mai, ba magi, ba kori, ba komai. Kifin da kansa zai fitar da mai har ki ji yana tsartsatsi.

Shinkafar kuwa ba gishiri ba mai. A wanke ta har ruwan ya kusa yin garau, a jiƙa minti 30, a zuba ruwa da ya ɗara yawan shinkafar kaɗan: gwangwanin madara biyar na shinkafa, shida na ruwa. Idan ta tafasa a rage wuta can ƙasa minti 12 zuwa 15, a kashe, a bar ta a rufe minti 10. Kada a buɗe murfi tun daga farko har ƙarshe. Tsohuwar nan har hannuna ta riƙe ranar da na kai zan leƙa.

Anti Balaraba:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da ku lafiya. Amma 'yar nan ki gaya mini gaskiya, wannan ba gaya ba ce? Shinkafa ba gishiri, ba mai, ba yaji, ba miya. Idan na ajiye wa Alhaji wannan tambayar farko da zai yi ita ce ko lafiya. Mu ma muna da shinkafa da mai da yaji da soyayyen kifi a kai, me ya raba su in ban da an cire abin da ke sa ta shiga?

Maman Hanan:
Amin Anti, na gode. Ni ma haka na ce da farko, wata guda ina zuba mata yaji a ɓoye. Abin da ya raba su shi ne yadda ake ci. Ba a juye kifin a kan shinkafa a cakuɗa. Za ki gutsuri kifi kaɗan, mai gishiri da maiƙo, ki sa a baki, sai ki bi shi da loma babba ta shinkafa, sai ki kurɓi romo. A baki suke haɗuwa. Shi ya sa aka bar shinkafar ba komai, aikinta ta kashe kaifin gishirin. Kamar tuwo ne Anti, ai ba ma sa wa tuwo magi. Kuma da yake kifin ya ji gishiri, rabin ɓari ɗaya yana raka kwano guda. Sukumbiya ɗaya mu huɗu muke ci har da yara.

Ummu Khalil:
Tambayata a kan shinkafar ce. Tasu ai daban take, gajera mai danƙo. Da 'yar gwamnati za a yi ko da wacce?

Maman Hanan:
Kada ki yi da turararriya ko kaɗan, ko ta waje ko ta gida. Ita wara-wara take dahuwa kuma tana da nata ƙamshin, ba za ta ba ki abin da ake nema ba. Ki nemi shinkafar tuwo, fara wadda ba a turara ba, sabuwa in da hali, mai cikakkiyar ƙwaya ba gutsattsari ba. Da na zo hutu bara da ita na yi a gidanmu, kuma ta yi kusa da tasu ƙwarai. Sai dai ki rege ta sosai, kuma ki fara da gwangwani biyu ki ga yadda take shan ruwa, don tsohuwar shinkafa ta fi sabuwa buƙatar ruwa. Abin da ake so ta kama juna amma kina ganin kowace ƙwaya, ba ta caɓe ba. Tasu da ta fi suna Koshihikari ce, an fi yabon ta jihar Niigata. Ko mu nan ba ma iya sayenta yanzu. A 2025 buhun kilo 5 ya haura yen 4,000 na kuɗinsu, har gwamnati ta fito da shinkafar da take ajiyewa don ko-ta-kwana, kuma ministan noma Taku Eto ya sauka daga kujerarsa a watan Mayu bayan ya ce shi bai taɓa sayen shinkafa ba saboda kyauta ake kawo masa. Mutane sun ji zafin maganar sosai.

Baban Walid:
Ku yi mini izini in sa baki duk da na ga mata sun fi yawa. Na yi zuwa Japan sau huɗu sayen kayan gyaran mota, wajen Saitama da Chiba. Abin da Maman Hanan ta faɗa haka yake. Da rana ma'aikatan wuraren sayar da kayan motar shi suke ci a ƙananan gidajen abinci, suna kiransa teishoku, tire ɗaya da kwanuka huɗu ko biyar. Ni ma shi na riƙe don shi ne na fi natsuwa da shi. Abu ɗaya da ba ta faɗa ba, murhun gas ɗinsu yana da wata 'yar durowa a ƙasa ta gasa kifi kawai. Mu da ba mu da ita, gawayi ya fi komai. A bari ya ruru ya yi ja, harshen wuta ya mutu, a ɗora raga nesa da garwashi kaɗan. A shafa wa ragar mai don kada fata ta manne. Juyi ɗaya ake yi. Wanda ya yi ta juya sukumbiya zai kwashe shi a farfashe.

Maman Hanan:
Haka ne Baban Walid, na gode da ƙarin. Wadda ba ta da gawayi ta yi a kasko mai kauri, ɗigon mai kaɗan, ta fara kwantar da gefen fata, wuta matsakaiciya minti 5 zuwa 6, ta juya minti 3 zuwa 4. Man da ya fito ta riƙa tsane shi, idan ya ƙone shi yake kawo ƙauri. A nan ana cin sa da gurzajjen daikon, wata farar saiwa ƙatuwa mai ɗan yaji-yaji da take yanke maiƙo. A gida lemun tsami ya wadatar.

Malam na Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina bin zancen tun ɗazu kuma akwai abin da ya wajaba a tsaya a kai. Na karanta cewa girkin Japan ba ya rabuwa da giya, akwai sake akwai mirin, har ruwan waken suyan nan da suke ɗiga wa komai an ce akwai barasa a ciki. Kada mu zo neman sauƙin cefane mu shigar wa iyali da abin da ba ya halatta. Maman Hanan, yaya kike yi da wannan?

Maman Hanan:
Wa alaikumus salam Malam, wallahi tambayar nan ta dace, ita ce ta fi ba mu wahala a shekarar farko. Gaskiya ne. Sake giyar shinkafa ce kai tsaye. Mirin na asali shi ma yana da barasa wajen kashi 14 cikin 100, zaƙi ne kawai ya yi masa yawa. Kusan duk girkin da aka dafa kifi a cikin romo mai zaƙi, irin su teriyaki da nitsuke, da su ake yi. Ni ba na shigar da ko ɗaya gidana. Su sukan ce ai barasar tana tashi a wuta, ni dai ban ɗauki wannan ba. Wannan ma na cikin dalilin da ya sa na fara muku da shioyaki: kifi ne da gishiri, babu inda shakka za ta shiga.

Amfanin sake a girkinsu shi ne kashe ƙarni, na mirin kuma zaƙi da sheƙi. Ƙarni ina kashe shi da gishiri da ɗanyar citta da wata dabara tasu: a kwarara wa yankan kifin ruwan zafi har bayansa ya yi fari, a tsoma a ruwan sanyi, a murje jini da yauƙi. Zaƙi kuma sukari ko zuma sun isa.

Shoyu, wato abin da ake sayarwa a kantunan gida da sunan soya sos, da waken suya da alkama da gishiri ake yinsa, a bar shi ya ruɓa watanni. A wajen ruɓar ne barasa kaɗan take samuwa da kanta, wasu kamfanonin kuma suna ƙara ta don kada ya lalace. Mu muna sayen mai hatimin halal, akwai shi. Wanda zai saya a gida ya juya kwalbar ya karanta.

Malam na Tudun Wada:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Wannan ya gamsar da ni. Abin da aka yi shi don ya zama giya a nisance shi, wanda kuma ake shakka a nemi mai hatimi ko a tambayi malamin da aka amince da shi. Na ƙara da cewa ruwan khal ba ya cikin wannan, ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe shi a matsayin mahaɗi. Na faɗa ne don na ga wasu suna haɗa su duka su haramta.

Anti Balaraba:
To kun ga inda nake zuwa. An ce girkin sauƙi, yanzu an shigo da kwalbar da sai an je babban kanti. Kuɗin kwalbar nan ai ya yi mini cefanen miya na kwana biyu.

Ummu Khalil:
Anti ni ban ga haka ba. Ki lissafa abin da shinkafa da miya take ci: tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, kuɗin markaɗe, man gyaɗa ludayi biyu, ga man suyar kifi, ga gas ɗin da miya za ta sha kafin tsaminta ya fita. Wannan kuwa kifi ɗaya ne da gishiri da lemun tsami. Lokacin da tumatir ya yi tsada da damina ni abin da nake nema ke nan. Kwalbar ma ba dole ba ce, ta faɗa. Wadda ta saya kuma da cokali ake zubawa, za ta yi wata biyu.

Anti Balaraba:
Ke gidanki mutum nawa ne? Ni goma sha ɗaya nake ciyarwa. Miya ita ce take rufe ƙarancin kifi, a dagargaza guda biyu a ciki kowa ya ji ƙamshi. Idan na gasa na yanka, ido zai ga yankan kowa, kuma a nan rigimar yara take farawa.

Maman Hanan:
Anti wannan magana ce ta gaskiya, ba zan musa ba. Gidajensu ƙanana ne, mutum uku ko huɗu, girkin ma haka aka tsara shi. Amma suna da wanda ya dace da babban gida, takikomi gohan. A zuba wankakkiyar shinkafa da ruwanta a tukunya, a sa shoyu babban cokali ɗaya ga kowane gwangwanin shinkafa, a yanka ɗanyar citta siri-siri kamar ashana, karas haka nan, a shimfiɗa a sama. Sai a kwantar da gasasshen kifin a kai, ko a juye kifin gwangwani da ruwansa. Ba a juyawa, in an juya shinkafar ƙasa ba ta dahuwa daidai. Bayan ta turara a cire ƙaya, a farfasa kifin a gauraya, a watsa lawashi. Kifi biyu zai ratsa tukunya guda babu wanda zai ce nasa ya fi ƙanƙanta.

Anti Balaraba:
Dafa-duka ke nan ba mai ba kayan miya. To wannan na gane shi. Shi zan fara gwadawa.

Hajiya 'Yar Kumasi:
Sannunku da hira. Maganar kifin gwangwani ta tuna mini. Mu nan Zango tun muna yara Geisha muka sani, mai ruwan tumatir, da shi ake cin burodi da shinkafa. Sai da na girma na san sunan na wani kamfanin Japan ne, Kawasho Foods, kuma kifin cikinsa wannan saba ɗin ne. Nan Gana ma in kin je kasuwa salmon za ki ji ana kiransa, alhali ba shi ba ne. 'Yata, da Geisha za a iya yin wannan dafa-dukar?

Maman Hanan:
Za a iya Hajiya, sai dai tumatirin zai rinjayi citta da shoyu, ya karkata zuwa jalof. Su wanda aka dafa da ruwa da gishiri kawai suke sawa. In Geisha ce a hannu, ki tsame kifin ki ajiye ruwan tumatirin don wani girkin. Kuma kin san wani abu, Japan tana sayo manyan sukumbiya masu kitse daga Norway, ita kuma tana sayar da nata ƙananan a daskare zuwa ƙasashe irin su Najeriya da Gana da Masar. Wani kwalin da ake fasawa a kasuwarku daga nan ya taso.

Ɗan Maigatari:
Ba kifi kaɗai ba. Mu harkar riɗi muke yi, kuma Japan na cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya, kusan duk wanda suke ci daga waje suke shigo da shi. Kullum ina mamakin me suke yi da shi haka.

Maman Hanan:
Mai suke matsewa da yawansa, sauran kuma yana shiga kusan komai. Mafi sauƙi gomashio: a soya riɗi sama-sama ba mai, a ɗan daka da gishiri kaɗan, a barbaɗa a kan farar shinkafa. Anti Balaraba, ga madadin yajinki nan. Sai kuma goma-ae, wanda ranar da na fara ci na ce wannan ai kwaɗo ne. A tsoma alayyahu a tafasasshen ruwa minti ɗaya, a sa a ruwan sanyi, a matse, a yanka, a kwaɗa da dakakken riɗi da ɗan sukari da shoyu. Ƙuli-ƙuli ne kawai babu. Kuɓewa ma suna ci, okura suke ce mata, a tafasa ta ɗan lokaci a yanka a ɗiga shoyu. Na kokwamba kuwa a yanka siriri, a murza da gishiri, a matse bayan minti 10, a sa khal da ɗan sukari.

Amaryar Maraɗi:
Yaya ina wuni. Romon fa? Na ji ana cewa miso da suke yin romon da shi daddawar Japan ce. In haka ne ai mu mun huta, sai mu jefa daddawa.

Baban Walid:
Ba ɗaya ba ne ƙanwata. Daddawarsu ta gaskiya ita ce natto, waken suya da aka ruɓar, mai yauƙi da wari, da safe suke ci a kan shinkafa. Ranar da aka buɗe shi kusa da ni na ce wa abokin tafiyata ka ji warin gida. Daga baya na ji cewa ƙwayar halittar da take ruɓar da natto da wadda take ruɓar da kalwa dangi ɗaya ne, Bacillus subtilis. Miso kuwa waken suya ne da ake ruɓarwa da wani naman gwari, koji, ga gishiri mai yawa, yana kwana watanni. Ɗanɗanonsa ya fi laushi, ba shi da wannan bugun hancin.

Maman Hanan:
Daidai ne. Kada ki sa ran daddawa za ta ba ki miso. Amma abin da romon yake yi a tiren, wato abin kurɓa mai ɗumi mai ɗanɗano da zai sauke shinkafa, za ki same shi da kayan gida. Kan kifin da ƙashin tsakiyar da kika cire kada ki zubar. Ki barbaɗa musu gishiri, ki kwarara ruwan zafi, ki wanke jinin, ki sa a ruwan sanyi kofi huɗu da citta yanka uku, ki ɗora a wuta kaɗan minti 15 kina kwashe kumfa. Ki tace, ki sa gishiri, kabeji ko kabewa, da lawashi. A Osaka akwai romon da ake yi haka da ragowar sukumbiya mai gishiri da daikon, senba-jiru, abincin yaran shago ne a unguwar 'yan kasuwa tun da. In kina son ƙarin ɗanɗano ɗan gutsuren daddawa ba zai ɓata ba, ko farin magi kaɗan. Shi ma farin magin asalinsa nan ne. Wani malamin kimiyya a Tokyo, Kikunae Ikeda, shi ya gano sinadarin a 1908 daga ganyen teku kombu da suke yin romo da shi, a 1909 aka fara sayar da Ajinomoto.

Sista Rabi:
Ina da jan hankali biyu a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Na farko gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, mutanen Japan kuwa suna cin wajen ninki biyu na haka. Babban cokali ɗaya na shoyu yana ɗauke da gishiri kusan giram 2 da rabi. In an haɗa kifi mai gishiri da romo da kokwamba mai gishiri da shoyu a zama ɗaya an wuce gona da iri. Mai hawan jini ya rage gishirin kifin, ya ƙara lemun tsami da citta, ya bar shoyu.

Na biyu ya fi damuna. Sukumbiya idan ya narke ya jima a zafi yana tara wani sinadari, histamin, kuma wuta ba ta kashe shi, ko an soya ko an gasa. Ya taɓa faruwa a gidana. Na sayi kifi da yamma wajen wani mai tebur, ashe tun safe yake narkewa ana yayyafa masa ruwa. Ko rabin awa ba a yi da ci ba fuskar ɗana ta yi ja, jikinsa ya fashe da ƙaiƙayi, ni kuma kaina kamar zai tsage. Shi ya ce tun a baki ya ji kifin yana ɗan cizon harshe. Girkin da ba yaji ba miya yana da wannan amfanin, za ki ji in kifin ya juya, amma gara kada a kai nan. Ku saya da safe lokacin da aka fasa kwali, yana da tauri kamar itace. Wanda cikinsa ya yi laushi ko ya fashe ku bar shi. Kuma don Allah kada wata ta ga sushi a waya ta yanka ɗanyen tarwaɗa ko karfasa ta ci, kifin ruwan daɗi yana ɗauke da tsutsotsi.

Maman Hanan:
Allah ya ƙara kiyayewa Sista. Su kansu suna da karin magana cewa saba tun yana da rai yake ruɓewa. Kafin zuwan firji, daga garin Obama da ke bakin tekun Wakasa ake sa masa gishiri a ɗauko a baya, a ratsa duwatsu kusan kilomita 70 zuwa Kyoto, kafin a isa gishirin ya ratsa shi daidai ci. Har yau ana kiran hanyar Saba Kaido, hanyar sukumbiya. To gishirin nan asalinsa na adanawa ne. Ni ma in na samu an yi ragi da daddare, don kantuna suna manna takardar rabin kuɗi kafin su rufe, ina dawowa nake tsagawa in sa gishiri in goge in daskarar, ba ya kwana haka nan.

Amaryar Maraɗi:
Mu nan sukumbiya ba kullum ake samun mai kyau ba, karfasa da tarwaɗa sun fi yawa. Za su yi?

Maman Hanan:
Karfasa ba ta da kitse, in an gasa ta da gishiri kawai takan bushe. Ki dafa ta a romo kaɗan: ruwa rabin kofi, shoyu cokali 2, sukari cokali 1, citta. Sai ya tafasa za ki kwantar da kifin, ki yanko takardar gashi ko ki sami murfin da ya fi bakin tukunyar ƙanƙanta ki ɗora a kan kifin kai tsaye, don romon ya riƙa hawa kansa ba sai kin juya ba. Minti 10 ya isa. Tarwaɗa kuwa tana da maiƙo, ta fi dacewa da gashi ana shafa mata shoyu da sukari, yadda suke yi wa unagi, wani dogon kifi mai tsada. Ki wanke yauƙinta da ruwan zafi tukuna.

Ummu Khalil:
Na dawo da rahoto. Jiya da daddare na yi. Shinkafar tuwo gwangwani uku, na bi yadda kika ce, na danne zuciyata ban buɗe ba. Da na ɗaga murfi sai ga ta tana sheƙi da 'yan ramuka a sama, ƙasan ya yi ɗan ƙanzo mai ruwan zuma, yara suka yi ta wawaso a kansa. Kifin farko na gishiri ya yi yadda ake so, fatar ta kumbura ta yi ƙus-ƙus. Na biyu ne na ɓata. Na ce bari in gwada mai zaƙin, sai na jiƙa shi a shoyu da zuma tun farko na ɗora a kasko. Kafin cikin ya dahu bayan ya yi baƙi ƙirin, hayaƙi ya cika kicin. Abban Khalil ya cinye na gishirin, ya nemi ƙarin shinkafa, amma ya ce a ajiye masa yaji a gefe gobe.

Maman Hanan:
Kai masha Allah, ramukan nan alamar wutar ta yi daidai ce, ƙanzon kuma okoge suke ce masa, su ma suna sonsa. Mai zaƙin a ƙarshe ake zubawa. Ki gasa kifin ya dahu tukuna, ki tsane man kaskon, ki rage wuta, sai ki zuba haɗin ki riƙa ɗiba da cokali kina zuba masa a kai minti ɗaya ko biyu har ya yi kauri. Yaji kuma ki ba shi abinsa, su ma suna da nasu, shichimi, barkono da riɗi da ɓawon lemu da wasu abubuwa, guda bakwai. In shinkafa ta kwana, ki jiƙa hannu ki shafa gishiri kaɗan, ki sa ragowar kifi a tsakiya ki dunƙula wa yara su tafi da shi makaranta, shi ne onigiri. Ki ɗumama ta tukuna, mai sanyi ba ta kamawa.

Anti Balaraba:
Na aiki yaro kasuwa tun da sassafe ya samo sukumbiya uku daga sabon kwali, na sa musu gishiri suna nan suna zufa. Shinkafa kwano ɗaya zan ɗora. 'Yar nan, ba ni da wannan kwalbar kuma ba zan saya yau ba. Me zan sa a dafa-dukar?

Maman Hanan:
Anti ki dafa kawunan da ƙashin ki tace, da wannan romon za ki auna ruwan shinkafar. Gishiri kaɗan don kifin ya riga ya ɗauka, citta mai yawa, kamar tsawon babban yatsa biyu. Tukunya babba ce, ki ƙara mata minti 5 a ƙaramar wuta, kuma ki ɗora wani abu mai nauyi a kan murfin. Riɗin ki soya shi daban, sai an zo zubawa a faranti.

Anti Balaraba:
To, na ɗora. Attaruhu guda biyu na jefa a sama ban fasa su ba.